Na karanci aikin lambu, amma Baba ya ƙi jin shawarata

Assalamu alaikum. Ni matashi ne, shekarata 28. Renon dashe sana'ar gidanmu ce: kakana ya fara, mahaifina ya gada, yanzu muna sayar da mangwaro mai aure, lemo, gwaiba, itatuwan inuwa da furanni. Ni kaɗai aka tura jami'a, na karanci ilimin aikin lambu, na dawo shekara biyu ke nan. Duk gyaran da na kawo, Baba sai ya ce tun ba a haife ni ba yake wannan aiki. Bara sama da rabin ƙananan tsirran lemonmu suka mutu, gindinsu ya sirance suka kife. Na san dalili: tsohuwar ƙasa ake maimaitawa, ba a wanke kwantena, ruwa kuma safe da yamma. Raina ya ɓaci na faɗa masa haka a gaban ma'aikata da wani mai saye. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yayana ne ke riƙe da ciniki, ni ba ni da albashi sai abin da aka miƙo mini, ga shi ina neman aure. Yanzu wani babban kamfanin itatuwan marmari ya ba ni aiki nesa da gida, suna son amsa cikin wata guda. Mahaifiyata kuka take yi, ta ce tafiyata za ta karya Baba. Ina son wurin nan har cikin raina, amma ji nake ina ruɓewa a ciki. In tafi ko in zauna?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu inda na tsaya shi ne wurin da ka ce "a gaban ma'aikata da wani mai saye". Ka wuce shi da sauri kamar ƙaramin abu, ni kuwa ina ganin nan ne ciwon yake. Zan dawo kansa. Bari in fara ba ka haƙƙinka tukuna, domin na lura tun da ka dawo gida babu wanda ya ce maka ka yi daidai.

A kan mutuwar tsirran nan, gaskiyarka ce. Abin da ka siffanta, gindi ya jiƙe ya sirance daidai inda ya haɗu da ƙasa, tsiro ya kife alhali ganyensa kore shar, alamar cutar da ƙwayoyin da ke zaune cikin ƙasa suke haddasawa ce, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium. Suna kwana a tsohuwar ƙasa da jikin kwantenan da ba a wanke ba, kuma babu abin da suke so kamar yawan laima, cunkoson shuka da rashin iska. Karatunka bai tashi a banza ba, idonka ya ga abin da ke akwai. Kuma ɓacin ran mutumin da ya kwashe watanni yana jido ruwa, ya wayi gari ya ga tsirrai kwance jere-jere, ba abin zargi ba ne.

Amma ka tsaya ka dubi mahaifinka a wannan safiyar. Shi ma asarar ta same shi, ta ma fi taɓa shi, tunda sunansa ne a kan wurin. Yana tsaye cikin gawar tsirransa, ga yaran da yake ba umarni kullum, ga baƙon da ya zo saye saboda ya yarda da hannunsa, sai ɗan da ya biya wa kuɗin makaranta daga cinikin waɗannan ledojin dashen ya ɗaga murya ya ce laifinsa ne. A wannan lokacin kunnensa bai ji maganar ƙasa ko ruwa ba. Abin da ya ji shi ne an ce shekarunsa arba'in a bakin aiki ba su kai takardarka ba. Shirun da yake yi maka yanzu ba gardamar ilimi ba ce, mutum ne da aka kunyata yake jiran ya ga ko ɗansa ya gane.

Akwai kuma wani abu game da sana'arku da nake so ka riƙe, don shi zai fassara maka taurin kan da kake kuka da shi. Mai sayar da tumatir, in kayansa ba su da kyau, ranar za a gane. Mai renon dashe kuwa alkawari yake sayarwa. Wanda ya sayi mangwaro mai aure a hannunku ba zai tabbatar da irin da aka ba shi ba sai bayan shekara 3 ko 4, lokacin da ya fara 'ya'ya, in kuwa na ƙwallo ne da ba a aurar ba, jiran yakan kai shekara 5 zuwa 8. Haka saiwar da ta nannaɗe a gindin leda don dashen ya daɗe ba a sayar ba: ranar saye ganye luf-luf, sai bayan shekaru itacen ya tsumbure ko iska ta kayar da shi. Duk kuskuren da aka yi yau, sai an manta da shi sannan ya dawo yana sallama a ƙofa, tare da mai gona da ya yi asarar shekaru. Mutumin da ya rayu cikin irin wannan jira dole ya zama mai tsoron sabon abu. Hanyar da ya sani, ko da tana da asara, ya san iyakar asararta. Taka hanyar bai taɓa ganin ƙarshenta ba. Jarinsa na gaske shi ne mutanen da ke dawowa bayan shekara goma su ce itacen da ka ba ni ya yi, kuma wannan jarin yake karewa duk lokacin da ya ce maka a'a.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar komai sai ƙarfin hali. Ka same shi shi kaɗai, lokacin da babu ma'aikata a wurin, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure da na yi maka magana haka a gaban mutane, ka yafe mini." Ka tsaya a nan. Kada ka ƙara da "amma dai maganata gaskiya ce", domin wannan amma ɗin za ta share duk abin da ya gabace ta. Ba cewa na yi ka janye ra'ayinka kan cutar ba. Wurin da ka faɗa da muryar da ka faɗa da ita kake neman gafara a kansu, kuma wannan bashi ne a kanka ko za ka zauna ko za ka tafi. Ba na so ka bar gida, in ma barin za ka yi, da wannan ƙullin a tsakaninku.

Bayan kwana biyu ko uku, in fuska ta saki, ka kawo roƙo ɗaya tak, ƙarami. Ka daina neman a sauya tsarin wurin gaba ɗaya, wannan shi ya sa shekara biyu kana bugun bango. Ka roƙe shi kusurwa guda, ko da ta ledoji ɗari biyu ce, ka ce kana so ka gwada abin da aka koya maka, in ya lalace asarar a wuyanka. Uba zai iya hana ɗansa mulki, amma da wuya ya hana shi gefen rumfa. Kuma ka zaɓi gwajin da sakamakonsa ke fitowa cikin makonni, wato wannan cutar ta gindin tsiro, ka bar maganar sabbin irin itatuwa da sai an shekara biyar za a ga amfaninsu.

Ka yi shi da tsari, kamar yadda ka yi a makaranta. Iri ɗaya, rana ɗaya za a shuka, rabi a yadda aka saba, rabi a yadda kake so, gefe da gefe inda kowa ke wucewa. Naka rabin, ka haɗa sabuwar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki yadda ruwa zai riƙa wucewa. In dole sai tsohuwar ƙasa, ka baza ta, ka jiƙa ta sosai, ka lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, ka danne bakinta, ka bar ta a rana mako 4 zuwa 6 a lokacin da zafi ya fi tsanani, zafin da ke taruwa a ƙarƙashin ledar yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da irin ciyawa. Kwantena da wuƙaƙe ka wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, ka ɗauraye wuƙar ka shanya don bilic na cin ƙarfe. Ka ɗaga ledojin daga ƙasa, ka ba su tazara, ka yi ban ruwa da safe kawai, kuma sai ka tura yatsa ka ji saman ƙasar ya fara bushewa. Ka sami littafi ka riƙa rubuta nawa aka shuka, nawa suka tsiro, nawa suka mutu a kowane ɓangare. Sannan ka yi abin da ya fi duk waɗannan wuya, wato ka kama bakinka. Kada ka kira kowa ya zo ya gani. Mahaifinka yana zagaya wurin nan kowace safiya kafin kowa ya tashi, kuma idon da ya shekara arba'in yana kallon tsiro ba ya buƙatar a nuna masa layin da ya fi lafiya. Gani ya kori ji. Wata rana za ka tarar ya sa yara sun wanke kwantena ba tare da ya ce maka komai ba. In hakan ta faru kada ka nemi ya furta cewa ka yi gaskiya, wankin nan shi ne furucin.

Ina kuma da tambaya gare ka: a cikin shekara biyun nan, sau nawa ka zauna kusa da shi ka ce ya koya maka wani abu? Na taɓa zama ina kallon wani dattijo yana aurar da lemo. Ya tsaga ɓawon gindin da bai wuce kaurin fensir ba, ya zare idon toho daga reshe da yanka ɗaya, ya zura, ya naɗe, duk kafin in gama gyara zama. Ko kallon wuƙar ba ya yi, da babban yatsa yake jin ko ɓawon zai saɓule ko ranar ba ta aure ba ce. Bayan mako uku da aka kwance ɗaurin, idanun tohon kusan duka kore suke. Wannan ilimin ba ya cikin littafin da ka karanta, a hannun mahaifinka yake, kuma in ba ka karɓa ba zai tafi da shi. Ka tambaye shi yadda yake gane reshen da ya isa yanka, da dalilin da ya sa yake ƙin wata uwar itacen, wato wadda ake yanko reshen aure daga jikinta, alhali tana da kyau a ido. Wanda aka tambaya ya koyar yakan sami sauƙin sauraro daga baya. A irin wannan zaman ne za ka iya sako abin da ka sani a matsayin labari, misali yadda cutar tiristeza ta hallaka miliyoyin itatuwan lemo a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940, waɗanda aka aura a kan gindin lemo mai ɗaci, da yadda take bin reshen da aka yanko daga uwa mai cuta. Mai aure da hannunsa zai fahimci wannan labarin fiye da kowa, kuma daga nan maganar ware lafiyayyun uwayen itace za ta zo da kanta.

Yayanka ka ambace shi a layi ɗaya, amma ina jin nauyinsa ya fi haka. Shekarun da kake aji, shi yana nan yana cika leda, yana ciniki da masu saye, kuma daga guminsa aka cire wani abu aka tura maka. Yanzu ka dawo da takarda kana cewa ana yin komai ba daidai ba. Ko bai faɗa ba, akwai tsoron kada wata rana a ɗora ƙaninsa a kansa a wurin da ya ba ƙuruciyarsa. Ka je ka same shi, ka ce masa ka san abin da ya yi maka, kuma ba kujerarsa kake nema ba. Ciniki da sanin masu saye nasa ne, kai gwanintarka a rumfar reno take, wurin kuma yana buƙatar duka biyun. In Yaya ya tsaya a bayanka, rabin maganar da Baba ta ƙare.

Batun kuɗi kuwa, kada kunya ta hana ka. Namiji mai shekara 28 da ke aiki daga safe zuwa yamma, yana shirin ajiye iyali, yana da haƙƙin sanin abin da zai shigo hannunsa a ƙarshen wata. Da yawan sana'o'in gado a nan suke rushewa, ana cewa ai duk namu ne, har ranar da za a gane babu wanda ya san nasa. Ka nemi ɗaya cikin biyu: ko albashi tsayayye ko da kaɗan ne, ko kaso sananne daga cinikin abin da kusurwarka ta fitar. Na fi son na biyun a gare ka, don ba ya taɓa aljihun kowa, kuma yana girma da ƙoƙarinka. In bakinka ba zai iya faɗa wa Baba ba, ka nemi wani babba da yake jin nauyinsa, baffanka ko amininsa, ya shiga tsakani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wannan babban ne kuma, ba kai ba, ya dace wata rana ya tuna wa mahaifinku ya fayyace a rubuce yadda filin da kayan aiki da sunan wurin za su kasance, tun yana da ƙarfinsa. Kada ka haɗa wannan da maganar yanzu, zai ji kamar gadonsa ake rabawa yana raye.

To, ga aikin da aka ba ka. Ba na so ka ɗauke shi a matsayin cin amana, kuma ba na so ka yi amfani da shi a matsayin sanda. Gidajen renon dashe da suka daɗe a duniya, da yawa sai da 'ya'yansu suka fita. Gidan Veitch na Ingila, wanda ya yi suna a ƙarni na 19, ya tura ɗansa James ƙarami Landan ya koyi aiki a hannun wasu masu reno kafin ya dawo wurin mahaifinsa. A 1853 suka sayi wurin reno a unguwar Chelsea da ke Landan, James ɗin ya riƙe can, a 1863 kuma aka raba sana'ar gida biyu, ɗaya a Exeter ɗaya a Landan, kowanne yana cin gashin kansa. Reshen Landan ya bunƙasa har ya zama abin kwatance, kuma abin da ya rufe shi a 1914 shi ne Harry Veitch, ɗan James ɗin da ke riƙe da wurin, ya tsufa babu magajin da zai karɓa. Fitar ɗa neman ƙwarewa ba ita ta kashe gidan ba. A babban kamfani za ka ga yadda ake renon dubban dashe a tsare, yadda ake kula da uwayen itace, ban ruwa na ɗigo, lissafin kaya, abubuwan da ka karanta amma ba ka taɓa riƙewa da hannu ba. Kuma maganar wanda ya yi aiki a waje ya dawo tana da wani nauyi a kunnen uba wanda maganar sabon ɗalibi ba ta da shi.

Ga yadda nake ganin ka yi da watan nan. Ka rubuta wa kamfanin yau ka tambayi ainihin aikin da za ka riƙa yi, ko a cikin tsirrai ne ko a bayan tebur, da tsawon yarjejeniya, da hutu, da ko za su iya ɗaga maka ranar farawa. A makon farko ka nemi gafara. A na biyu ka kawo roƙon kusurwa da maganar kaso, kuma ka gaya wa Baba labarin aikin da bakinka, a matsayin neman shawara, kafin ya ji a wani wuri. In ya ba ka wuri ya kuma amince da kaso, ina ganin ka zauna ka ba abin shekara guda cur, domin wanda ya ce yana son wuri har cikin ransa ba zai sami natsuwa ba in ya tafi bai gwada ba. In ya hana duka biyun, to shawarata ka karɓi aikin, ka sa masa wa'adi, shekara biyu ko uku, ka faɗa masa wa'adin, ka nemi albarkarsa, ka riƙa zuwa lokacin aure kana kama musu aiki. Zama cikin ɗacin rai, ba albashi ba murya, zai lalata tsakaninku fiye da nisan hanya. Akwai ma hanya ta uku da za ka ajiye a ranka don gaba: ƙaramin fili naka, inda za ka reni tsabtatattun uwayen itace da gindin aure kana sayar wa gidanku da sauran masu reno. Ka ga ba kishiyar Baba ka zama ba, mai kawo masa kaya ka zama.

Mahaifiyarka kuma ka zauna da ita ka kwantar mata da hankali. Kukanta na tsoron kada ka tafi cikin fushi ne, ku rabu da mahaifinka ba ku shirya ba. In ta ga kun koma hira, za ka ga yawancin hawayen sun tsaya ko da tafiyar ta tabbata. Kada dai ka mai da ita 'yar aike tsakaninku, nauyin ya yi mata yawa. Wadda kake nema ma tana da baki a wannan magana, tunda ita za ta zauna da kai ko a gida ko a can, ka tambaye ta tun kafin ka yanke.

Gobe da asuba, lokacin da Baba zai fara zagayensa, ka riga shi zuwa, ka ɗauki butar ban ruwa ka bi bayansa. Ka bari sai kun kai ƙarshen layi, babu kowa kusa, sannan ka yi maganar. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a hannunka. Ka sake rubuto mini bayan wata guda, ina so in ji yadda kuka yi, da kuma tsirrai nawa suka tsaya a layinka.